Jan shaidan da jirgin ruwa a tambarin Man U

Duk gidan kallon kwallo a Gusau in gardama ta yi zafi sai an jefi 'yan Man U da maganar nan, wai ku da ke yawo da shaidan bisa kirji. To shaidanin nan ma aro shi anka yi. Wata kungiyar kwallon zari-ruga ta Salford, makwabtan Manchester, ta tai wasa Faransa a 1934 da jajayen riguna, ta yi ta lallasa mutane har 'yan jarida can sunka rada mata jajayen shaidanu. Bayan hadarin jirgin sama na Munich a 1958 da ya ci 'yan wasan Man U 8, koci Matt Busby ya ga kirarin da ake ma yaranshi na jarirai bai dace ba kuma, shina son sunan da zai razana abokan karawa, sai ya dauko na Salford. Sai a shekarun 1970 ne jan dodon mai mashi baki ukku ya hau tambarin. Ko a Maleshiya a 2010 wasu malamai sun ja kunne kan sa rigar, don haka wanda ya kyamace ta ni ban ga laifinshi ba, akwai masu saye su kai ma tela ya rufe wurin.

Amma ni abin da ya fi daukar hankalina shi ne jirgin ruwan da ke sama, wanda ba mai ko kallonshi. Daga tambarin birnin Manchester na 1842 anka ciro shi, shi ya sa Man City ma ke da shi, kuma garin ba ya bakin teku fa, sai a 1894 sunka bude mashigin ruwa da sunka haka don jirage su iso har gida. Jirgin fatauci ne, kuma fataucin Manchester auduga ce, a kwaso ta daga duniya a saka yadi a maido a saida ma masu noman. Kamfanin BCGA na Turawan Ingila masu bunkasa noman auduga, da ya kafa injinan gurzar auduga a Gusau da Funtuwa, a Manchester anka kafa shi a 1902, shekarar da kungiyar ta bar sunan Newton Heath ta koma Manchester United. Da jirgin kasa ya iso Gusau zuwa Kauran Namoda wajen 1929, audugar kakanninmu ta bi dogo har bakin teku, daga nan sai Ingila.

Kungiyar ita kanta ma'aikatan reluwe sunka kafa ta a 1878. A 1998 kuma shugabanni sunka goge "Football Club" daga tambarin don ya fi dadin saidawa, har yau tsoffin magoya baya ba su huce ba, kuma wallahi da gaskiyarsu.