Lambobin nan shida, kada ka tura wa kowa

Wani yaro da bai wuce shekara 15 ba na gani yana kwafe lambobi shida da suka shigo wayarsa, zai tura wa abokinsa, wai abokin ya yi kuskure ya sa lambarsa. To, ba abokin ba ne. An riga an ƙwace WhatsApp ɗin abokin, ɓarawo ne ke magana da sunansa da hotonsa. Duk wanda ya rubuta lambar wayarka a WhatsApp na wata waya, kai za a aiko wa lambobin nan ta saƙon tes. Kana ba shi ya shige, kai kuma an yi waje da kai, sai ya bi zaurukanka ɗaya bayan ɗaya yana roƙon kuɗi da yawunka.

Mu da muka riga ku shiga harkar nan ba mu da bakin yi muku dariya. Kowa ya nemi abota mun karɓa, ana rige-rigen cika 5,000 ɗin da Facebook ya ƙayyade. Ranar haihuwa, sunan makaranta, lambar waya, duk mun baje a fili, kalmar sirri kuwa suna ne da shekarar haihuwa, ita ɗin ce a kowane shafi. Ko da yake a yi mana adalci, wa ya koya mana? Sai a 2017 WhatsApp ya buɗe wa kowa tabbatarwa mai mataki biyu, wato ƙarin lambobin sirri da kai ka zaɓa, waɗanda ake nema bayan na saƙon tes. Amma dai, gaskiya ɗaya ce, son a sani ne ya rufe mana ido. Ku fa, da komai yana hannunku? Minti biyu ya gagare ku, amma a kwana ana kallon TikTok.

Ƙanena, shiga saitunan WhatsApp, ka kunna tabbatarwar nan, ka zaɓi wasu lambobi shida da ba ranar haihuwarka ba, ka haɗa da imel don ranar mantuwa. Leƙa wajen na'urorin da aka haɗa, wadda ba ka gane ba ka fitar da ita. Aboki ya nemi kuɗi ko lamba a rubuce, kira shi ka ji muryarsa.

Kada ka ƙara shekaru wajen buɗe shafi. Tun 2024 Instagram ke rufe shafin matasa da kansa daga idon baƙi, ɗan ƙasa da 16 ba ya buɗe shi sai da izinin iyaye, kai kuma ka rubuta 22 ka zubar da kariyar. A Snapchat ka ɓoye kanka daga taswira.

Sai dai rufe shafi ma ba ya hana komai idan ta ciki na ciki. Hoton gani-sau-ɗaya, da wata waya ake ɗaukarsa. Kada ka yarda da kowa a kan hoton jikinka, ko wane ne.

Na ce kowa, amma idan ta riga ta faru ana maka barazana, dole ka yarda da wani babba ka faɗa masa. Kada ka biya ko sisi, mai karɓa dawowa yake yi. Ɗauki hoton saƙonnin tukuna, sannan ka kai rahoto ka toshe shi. Ɗan ƙasa da 18 na iya amfani da shafin intanet na Take It Down kyauta: hoton ba ya barin wayarka, wata lambar shaidarsa kawai ake turawa, Facebook da Instagram da TikTok su nemo shi su cire.