Tumatir a garin ɓawon kwakwa: yadda nake duba ganye da ban ruwa

Ƙasar unguwarmu a Maradi yashi ce zalla, ka zuba ruwa kafin ka juya ya shanye. Shi ya sa da na tashi yin ƴar garka a tsakar gida na koma ga garin ɓawon kwakwar attagara, wanda masu kayan lambu ke kira kokofit. A matse yake zuwa, bulo-bulo. Mai kilo 5 in ya sha ruwa yakan kumbura ya kai lita 60 zuwa 70, kuma yawancinsa daga Indiya da Siri Lanka ake kawo shi. Na cika bokitai da buhunan leda, na huhhuda gindinsu, na dasa tumatir da tattasai da sanyi ya shigo.

Garin nan ba ƙasa ba ne, ba shi da abincin da zai riƙe shuka. Abin da ka narka a ruwa ka zuba, shi kaɗai saiwa za ta samu. Yana kuma zuwa da gishirinsa, sodiyam da fotashiyam, sannan in ka ba shi kalsiyam da magnesiyam sai ya riƙe su ya hana shuka, ya sako nasa gishirin a madadinsu. Don haka kafin dashe na wanke shi sosai, na jiƙa shi ya kwana a ruwan takin kalsiyam naitiret, na sake ɗaurayewa. Wannan wahalar ta rana guda ba abin tsallakewa ba ce.

Duk da haka, da tumatir ya fara fure sai ganyen ƙasa ya canza. Na tsinko guda na ɗaga shi a rana: jijiyoyin suna nan kore shar, tsakaninsu ya yi rawaya, gefe ya ɗan naɗe sama. Toho na sama kuwa lafiya lau. Kawuna da ke noman rani a Jiratawa ya zo gaisuwa ya gani, ya ce, "Ɗana, barbaɗa masa toka, mu haka muke yi." Na ce, "Kawu, a garkarku za ta yi, amma nan bokiti ne, ba ƙasar da za ta shanye ƙarfinta." Toka tana kashe tsamin da garin ke buƙata, ga fotashiyam da yawa a cikinta, shi kuwa in ya yi yawa yana hana saiwa ɗaukar magnesiyam. Kuma magnesiyam ne wannan ganye ke nema. Na narka ƙaramin cokali ɗaya na gishirin Epsom, mai ɗauke da magnesiyam, a ruwa lita 5 na riƙa ba shi. Ganyen da ya riga ya yi rawaya bai koma kore ba, amma ciwon bai hau na sama ba.

Tun daga nan abin da nake fara dubawa shi ne wane ganye ne ya kamu, tsoho ko sabo. Naitirojin da magnesiyam shuka tana iya janyo su daga tsohon ganye ta kai wa sabo, shi ya sa ƙarancinsu daga ƙasa yake farawa. In naitirojin ne, ganyen gaba ɗaya ke yin fari-fari har da jijiya. Kalsiyam da sinadarin ƙarfe kuwa inda suka sauka nan suke zama, sai ka ga alamarsu a toho. Toho mai rawaya da koren jijiya galibi ƙarancin ƙarfe ne, kuma sau da yawa ƙarfen yana nan cikin ruwan, ma'aunin tsami da ake kira pH ne ya haura, wato tsamin ya ragu, saiwa ta kasa ɗaukarsa. Ina riƙe nawa tsakanin 5.8 da 6.2.

Kalsiyam ya fi ba ni aiki, domin shi ruwa yake bi ya hau jikin shuka. Bokiti ya bushe da rana, ka zo da yamma ka kwarara masa, to ko akwai kalsiyam a ciki ba zai isa ga ƴaƴa daidai ba. Sai ka juya tumatir ka ga gindinsa ya yi baƙi ya lotsa. Mutane suna ɗauka cuta ce su ruga sayen maganin feshi, kuɗin kawai suke zubarwa. Ni ban barin garin ya bushe. Da hunturu iska tana busar da samansa ya yi haske alhali ciki da danshi, don haka ɗaga bokitin nake yi in ji nauyinsa. Da zafi ya kama a Afrilu da Mayu, rana ta wuce digiri 40, sai da safe da hantsi da la'asar, kaɗan-kaɗan, kowane ruwa da takinsa mai sauƙi. Ina zubawa har kamar kashi 10 zuwa 20 cikin 100 ya ɗigo ta ƙasa, don shi ke fitar da gishirin da ya taru. In na ga farin gishiri a bakin bokiti ko gefen ganye ya ƙone, ranar wanki ce, ruwa mai yawa sannan taki.

Akwai kuma rawayar da ba ta taki ba ce. In saman ganye ya yi ɗige-ɗige kamar an tsattsaga shi da allura, sai in juya bayansa. Jan gizo-gizo na nan ƙanana da siririyar yanarsu, kuma zafi da ƙura su suke so. Waɗannan nakan tsinke ganyen da suka cika in ƙone, sauran in wanke bayansu da ruwa, in fesa ruwan ƴaƴan dalbejiya da yamma in rana ta yi sanyi.