Waya ce ke zaɓen akwatin da za ta kama

Ƙorafin da mu masu saka waifai a gidajen Katsina muka fi ji shi ne: an ƙara akwati na biyu (na'urar da ke watsa waifai) a sashen iyali, amma mutum na tsaye gab da shi kiran WhatsApp na yankewa. In ka duba sai ka tarar wayar na maƙale da akwatin falon maigida, can bayan bangon bulo uku.

Aiki ya koya mini cewa sauya akwati shawarar waya ce. A layin kamfanonin sadarwa, netwok ne ke miƙa ka daga turke zuwa turke. A waifai kuwa waya ce ke auna sigina, ta ga ko lokacin tashi ya yi. Kamfanin Apple ya bayyana nasa ma'aunin: iPhone ba ta fara neman wani akwati sai sigina ya sauka zuwa -70 dBm (ma'aunin ƙarfin sigina), kwamfutar Mac kuma -75. Ko iPhone ta fara nema, sai sabon ya fi na da ƙarfi da dB 8 in tana cikin aika bayanai, ko 12 in ba ta aikin komai. Wayoyin Android kowane kamfani da nasa lissafin. Halinta ɗaya da mai cefanen da ya saba da mai tumatir guda a kasuwa: muddin yana samun na miya, ba ya leƙa rumfar kusa.

Shi ya sa maganin yakan ba masu gida mamaki. Wani dattijo a Ƙofar Ƙaura ya ce mini, "Yaro, na kira ka ka ƙara mini ƙarfi, kai kuma ragewa za ka yi?" Na ce, "Ranka ya daɗe, Baba, in na falo yana kaiwa har kicin, wayar Hajiya ba za ta taɓa sakinsa ba." Akwai ma wani abu: akwati na da ƙarfin da waya ba ta da shi. Ita tana jin sa da kyau, sandunan sigina sun nuna akwai sabis, amma amsarta ba ta isa gare shi. Nakan rage ƙarfin zangon 2.4 GHz sosai, domin shi ke ratsa bango ya yi nisa, in bar 5 GHz da ɗan ƙarfi tunda bulo da kankaren bene na cinye shi da wuri.

Sauran sharuɗɗan ba su da wuya. Suna ɗaya, kalmar sirri ɗaya, tsarin tsaro ɗaya, amma tasha daban-daban, a 2.4 GHz tashoshi 1, 6 da 11 ne ba sa shiga juna. Rauta, wato babban akwatin da intanet ke shigowa ta cikinsa, ɗaya tak ce za ta raba wa wayoyi adireshin intanet, in ba haka ba duk sauyi sai kira ya tsinke. Kebul tsakanin akwatuna ya fi haɗin iska nesa ba kusa ba, yana kuma kai mita 100, abin da ya wadatar daga zaure zuwa ƙuryar yawancin gidaje.

Akwai ƙa'idoji uku da ake bugawa a jikin kwali. 802.11k na ba waya jerin akwatunan da ke kusa, 802.11r na gajarta tantancewa lokacin sauyi (dukansu na 2008 ne), sai 802.11v na 2011 da ke ba akwati damar ce wa waya ta koma wancan. Shawara ce kawai, tana iya ƙi. Ni ina taka-tsantsan da 802.11r, domin tsofaffin firinta da wasu kyamarorin tsaro kan ƙi haɗuwa in an kunna shi.

Abin da kwali ba ya faɗa shi ne batun wuta. A gidaje da yawa rauta na kan sola, akwatin cikin gida kuwa ba ya kai. Da an ɗauke wuta sai kowace waya ta koma falo, in an kawo kuma ta yi zamanta, tunda siginar bai faɗi ƙasa da ma'auninta ba. Yanzu kafin in huda bango nakan tambayi wace soket ce ke kan batir, ko in ba akwatin wuta ta cikin kebul ɗin intanet daga inda rautar take.