Kafin ka ce "Ga ni, ka aike ni"

Ranar Lahadin da ta wuce, bayan an karɓi baiko, fasto ya kira ɗan ƙanwata gaban majami'a. Wata uku ke nan da yaron ya gama bautar ƙasa. Ya ce Ubangiji ya kira shi ya je Chadi ya koyar da Turanci a wata makarantar mishan, aikin sa kai, har shekara biyu. Zumuntar mata suka rangaɗa guɗa, uwarsa tana share hawaye da bakin gyale. Da aka tashi na ja shi gefe na ce, "Faransancin naka ya kai ina?" Ya ce, "Kawu, ai akwai manhajar fassara a waya." Na tambaye shi yaren da yaran suke yi a gida, bai sani ba. Amma ya riga ya ɗora hotonsa a Facebook tare da taswirar Chadi da lambar asusun banki.

Ranar ban iya cin abincin rana ba, domin a gaban wannan bagaden ni ma na tsaya a shekarar 2006, ina da shekara 27, na karanta Ishaya 6:8 da ƙarfi, aka ɗora mini hannu aka sallame ni.

Ta Maiduguri na bi, Gamboru Ngala, Fotokol da Kuseri a Kamaru, na haye gadar Ngeli zuwa Njamena. Daga nan aka yi kudu ta Bongor da Kelo har Mundu, tafiyar da ta haura kilomita 450. Makarantar tana wani ƙauye a wajen gari. Kalmar farko da aka gaishe ni da ita ita ce "Lapiya", gaisuwa ke nan da Ngambai, yaren mutanen yankin, sai na ce a raina ashe gida na zo. Daga wannan kalma ɗin kuwa ban ƙara gane komai ba.

Da asuba ake buga wani tsohon ƙarfen taya da aka rataye a bishiyar mangwaro, mu taru addu'ar safe. Sai ɗiban ruwa a rijiya, koko in an samu, sai aji. Kafin ƙarfe ɗaya an tashi, saboda rufin kwano ba ya zaunuwa in rana ta take. Yara sun haura saba'in a aji guda, huɗu huɗu kan benci, waɗansu sun taka tafiyar awa ɗaya kafin su iso. Lissafin ajin nasu ma a juye yake, irin na Faransa: aji shida shi ne na farko a sakandare, aji uku su ne masu rubuta jarrabawar gama ƙaramar sakandare, wadda a lokacin ake kira BEPC. Maki kuma bisa 20 ake bayarwa. Makon farko na rubuta wa wata yarinya 65 a takardarta, ta kai wa shugaban makaranta tana tambaya ko me malam yake nufi. Da yamma tuwon dawa da miyar kuɓewa, wani lokaci da busasshen kifin kogin Logon. Da dare fitilar ƙwai da tulin littattafan da zan duba, sauro yana ta aikinsa. Zazzaɓi ya kwantar da ni sau uku a daminar farko.

Duk wannan ban yi ƙorafi a kai ba, kuma har yau ina ganin na yi haƙuri. Laifina a wani wurin yake.

Na tsaya gaban yaran da Faransanci ma harshensu na biyu ne, ina koya musu na uku, alhali ba na jin na farko ko na biyun. Ina magana suna maimaitawa, ina ɗauka sun gane. Akwai malamin lissafi, ɗan garin, wanda ya girme ni da kusan shekara 15. Iyayen yara ne ke haɗa kuɗin biyansa, wani lokaci a yi wata uku ba a ba shi ko sisi ba, da noman auduga da gyaɗa yake riƙe gidansa. Ya ce in riƙa zuwa wurinsa da yamma ya koya mini Ngambai, ni kuma in gyara masa Turancinsa. Sau biyu na je. A maimakon haka, duk Asabar sai in hau keke in tafi kasuwar Mundu wurin Hausawa mahauta da 'yan tireda, in zauna a rumfarsu mu sha shayi mu yi ta hirar gida. Musulmi ne, sun san abin da ya kawo ni, ba su taɓa sauya mini fuska ba. Su suka koya mini cewa riyal ɗaya sefa 5 ne, kamar dala a Nijar, bayan na daɗe ina biyan abin da ban gane ba. Allah ya saka musu. Amma can na gudu na ɓuya. Kewa ce, zan ce, kuma wanda bai taɓa yin wata shida babu wanda zai yi wa ba'a da harshen uwarsa ba, ba zai gane ba. To amma ba don su aka aike ni ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wasiƙun da nake aikowa gida duk wata uku. A cikinsu na rubuta cewa yaran nan ba su da malamai. Malamai shida ne a makarantar kafin in zo, su shida na bari. Na san in na rubuta haka baikon zai fi kauri, kuma kuɗin alli da littattafai aka saya da su, ban ci ko kwabo ba. Da wannan nake lallashin kaina. Sai dai na share mutum shida da alƙalami don a ga ni kaɗai ne a fagen.

Ranar 2 ga Fabrairu 2008 'yan tawaye suka shiga Njamena, aka kwana biyu ana gwabzawa, dubban mutane suka tsallaka Kuseri. Uwata ta ji a rediyo. Da waya ta shiga, kuka kawai take yi. A Mundu ko ƙarar bindiga ba mu ji ba, aka ci gaba da buga ƙarfe da asuba. Ni kuwa na haɗa jakata, na bi ta Pala da Lere na fita Kamaru, daga Garwa na shigo Yola. Na ce wa shugaban makaranta mako biyu zan yi.

Wa zai ce ɗa ya ƙi jin kukan uwarsa? Ba wanda ya san inda yaƙin zai tsaya, waɗansu baƙin ma jirgi aka aiko ya kwashe su. Haka na faɗa wa dattawan ikkilisiya, suka ce na yi hikima. Gaskiyar ita ce na gaji tun kafin Kirsimeti, yaƙin ƙofa ce kawai ta buɗe na fice. 'Yan aji ukuna saura wata huɗu su rubuta jarrabawa. Ban bar wa kowa bayanin inda muka tsaya ba. Daga baya na ji malamin lissafin nan ne ya ɗauki ajin, da ɗan Turancin da na ƙi zama in gyara masa.

Na zauna da niyyar jero muku shawarwari goma, ku matasa. Da na duba, yawancinsu surutu ne.

In ba za ka koyi harshen mutane ba, ka zauna a gida. Makarantun ƙauyukanmu ma suna neman malamai. Ka yi aƙalla wata shida kana Faransanci kafin ka taka mota. Ko da yake, in faɗi gaskiya, harshe ba ya zama a baki sai a can, a bakin rijiya da gindin murhu, don haka kada jiran ƙwarewa ya zama maka hujjar ƙin tafiya. Ka tafi, amma shekarar farko ɗalibi ne kai, wanda ka tarar a wurin shi ne malaminka, ko da takardarka ta fi tasa. Kuma ka ajiye wayar nan. Yaran mutane ba kayan ado ba ne da za ka rungumo ka ɗauki hoto don a danna maka alamar so. Abin da na yi da wasiƙa duk wata uku, ku kuna iya yinsa sau biyar a yini, kuma ba ku jin kunyar kowa. Mu aƙalla muna jin nauyin tambayar manya. Ku kuwa mutum ya kalli bidiyo uku ya ce ya san ƙasa.

Kada ka yi alkawarin shekara biyu a gaban jama'a don guɗa ta yi daɗi. Ka ce shekarar karatu ɗaya, daga Oktoba zuwa Yuni, ka cika ta har ranar da aka rufe makaranta. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. In uwarka ta kira tana kuka fa? Nan kam ba zan ce ka toshe kunne ba, ni ma ban toshe ba, kuma da ta rasu bayan shekara uku na gode wa Allah da ina kusa. Amma ka yi wannan maganar da ita yanzu, tana zaune kana zaune, kafin a ɗora maka hannu. In kuma tafiyar ta zama dole, ka faɗa wa mutane ba za ka dawo ba, ka miƙa littafin darasi hannu da hannu. Kada ka ce mako biyu.

Shekaranjiya na tono tsohon ƙamus ɗina na Faransanci, wanda rabin shafukansa ban taɓa buɗewa ba, na kai wa ɗan ƙanwar tawa gida. Na tarar yana ɗaukar bidiyon godiya ga waɗanda suka turo kuɗi. Ya karɓa da hannu biyu, ya ce, "Na gode, Kawu," ya ajiye a kan firji. Na ce masa ranar Asabar zan dawo mu zauna da uwarsa, kuma kafin nan ya nemo mini sunan yaren da yaran suke yi da sunan malamin da zai tarar a can.