Tambayoyin da Nake Yi Kafin In Ba da Maganin Jinkirta Al'ada

Ina aiki a ɗakin ba da magani na wani asibiti a Kano, kuma da zarar Shawwal ya kama na san tambayar da za ta fi yawa a bakin taga: "Malama, me zan sha kada jini ya zo mini a Makka?" Damuwarsu tana kan hanya. Mai haila tana yin duk ayyukan Hajji ban da ɗawafi, kamar yadda Annabi (SAW) ya gaya wa Nana A'isha da jini ya zo mata a Sarif. Ɗawafin ifada kuwa rukuni ne, ga jirgin dawowa da ranarsa.

Maganin da aka fi nema shi ne norethisterone, wanda mata suka fi sani da Primolut N. Ƙwaya mai miligiram 5 ake sha sau uku a rana, a fara kwana 3 kafin ranar da ake sa ran jinin. In an daina, bayan kwana 2 ko 3 yakan zo. A wannan sha ba ya hana ɗaukar ciki, ko da yake da yawa haka suke zato.

Babban abin da aikin nan ya koya mini shi ne kada in miƙa shi sai na san jikin da zai shiga. Jiki yakan juya wani ɓangaren maganin ya koma istirojin, wato sinadarin jikin mata, shi kuma yana sa jini saurin daskarewa a jijiya. To, a haɗa wannan da zaman awoyi cikin jirgi da mota ƙafa a lanƙwashe, da zafin Mina, da ƙin shan ruwa don gudun layin banɗaki. Shi ya sa nakan ce, "Hajiya, ƙafarki ta taɓa kumbura guda ɗaya har aka ce jini ne ya daskare? A gidanku fa?" Wadda ta amsa da e, ko ta taɓa samun shanyewar ɓarin jiki ko bugun zuciya, ba nata ba ne. Haka mai ciwon hanta, da wadda ta yi sankarar mama, da mai zubar jinin da ba a gano dalilinsa ba, da mai shakkar ko tana da ciki.

Waɗanda suka fi tsaya mini a rai su ne na tsakiya: mai hawan jini, mai ƙiba sosai, mai sikila, da mai ciwon kan ɓari ɗaya da ke zuwa da walƙiya a ido. Waɗannan sukan ce lafiyarsu lau, ƙawarsu ma ta sha bara. Wurin likita nake tura su, domin akwai wani magani mai suna medroxyprogesterone da akan zaɓa wa wasu a madadinsa. Mai shan ƙwayar tazarar haihuwa mai sinadari biyu kuma sau da yawa ba ta buƙatar sabon magani, sai dai a nuna mata yadda za ta zarce da wani katin ba hutu.

Mace mai ƙoshin lafiya da ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan za ta iya sha na ɗan lokaci, ko da za ta ji tashin zuciya, nauyin mama ko ɗan ɗigon jini. Ita ma ba na barinta ta tafi sai na jaddada mata cewa in sharaɓarta ɗaya ta kumbura tana zafi, ko ƙirji ya riƙe, ko numfashi ya yi wuya, ta ajiye maganin nan take ta nemi likitocin alhazai.