Hatimi ɗaya ne ya hana ni sunan ɗan yayana a Bata

Wata uku kenan da dawowata amma wallahi har yau in na buɗe fasfo ɗina na ga shafin nan sai raina ya sake ɓaci. Kano zuwa birnin Bata na Gini Ikwatoriya ta ƙasa, kwana da kwanaki a hanya, na tsallake duk abin da mutane ke tsorata ka da shi, sai da ya rage kamar kilomita 70 in isa ƙofar gidan yayana sannan aka sauke ni daga mota, kuma ba don komai ba sai don ban buɗe fasfo ɗina na duba ba a bakin boda. Minti ɗaya bai kai ba abin da ya kamata in yi.

Yayana ya fi shekara goma a Bata, can Gini Ikwatoriya, yana da shagon shadda da turare da takalma. Dama na daɗe da karɓar biza a ofishin jakadancinsu da ke Abuja da niyyar in je in ga wajen, sai ga waya matarsa ta sauka, namiji, kuma ya ce sunan marigayi mahaifinmu za a sa. Ya ce min ƙanena duk yadda za ka yi ka iso kafin ranar Lahadi, kai kaɗai ne za ka tsaya min a madadin gida. Na ce Yaya in sha Allahu da ni za a yanka ragon.

Yola, Garwa, Ngaundere, jirgin ƙasa na dare zuwa Yawunde, wannan duk wanda ya saba Kamaru ya san shi ba sai na ɓata lokaci ba. Na kwana Briketeri, unguwar Hausawa a Yawunde, wajen 'yan uwa, da asuba na je tashar Mvan na hau motar kudu, Mbalmayo, Ebolowa, Ambam, muka haye kogin Ntem, da la'asar ɗin Juma'a ina Kye-Ossi. Garin nan ne Kamaru da Gabon da Gini suka haɗa goshi, kasuwa ce guda, albasa da tumatir da agada da kaji ana ta lodi ana tsallakarwa, don can ciki kusan komai na ci daga Kamaru yake zuwa. Kuma Hausa ko'ina, kamar kana Sabon Gari. To wannan jin Hausar ne ya sa na saki jiki, kuma shi ne ya ci ni.

Ɓangaren Kamaru da kaina na shiga aka buga min fita, lafiya lau. Ina fitowa sai wani matashi ya tare ni, tsaf-tsaf da shi, hula a kai, Hausarsa ba gargada. Alhaji sannu da hanya, Bata za ka? Ka iya Sifaniyanci? Na ce ban iya ba. Ya ce to can ba sa jin Turanci, Faransancin ma sai sun ga dama, kuma ga yamma ta yi in aka rufe sai gobe ko jibi, kawo fasfon da sefa 10,000 in shiga in gama maka. Gaskiya ce ya faɗa a kan yaren, kuma gaskiya ce bodar nan ana rufe ta ba zato ba tsammani, na sha ji a bakin Yaya, wani lokaci ma kwanaki take yi a rufe. Na miƙa masa. Ya shige wani lungu wajen ofisoshin, ya yi kamar minti ashirin, ya dawo ya miƙo min fasfo a rufe ya ce an gama Alhaji, ya ɗora ni a kan babur ni da jakata, mai babur ya ɗaga wa wani hannu muka wuce. Na sa fasfon a aljihun gaba na ja zif. Ban buɗe ba. Har addu'a na yi masa.

Na kwana a Ebebiyin, babban garin lardin Kie-Ntem, wanda masu kallon ƙwallo za su tuna an buga wasannin kofin Afirka na 2015 a filinsa. Kuɗi ba matsala don sefar Kamaru ita ce tasu, amma mutanen Nijar ku lura, sefarku ta yamma ba ta ci a nan duk da darajarsu ɗaya, ku canza tun daga baya. Safiyar Asabar na sami mota ƙarama, mu shida da direba, ɗan ƙabilar Fang ne kamar yawancin mutanen wannan ɓangaren, yana ɗan jin Faransanci ni ma ina ɗan tsinta, da haka muka lallaɓa.

Hanyar kam sai dai a ce masha Allah, ban zaci haka ba ko kaɗan. Kwalta sumul, ba rami, ga layi fari tas, kuma ba motoci, sai ka yi tafiya mai nisa ba ka gamu da kowa ba in ban da manyan motocin katako ɗauke da gungume uku ko huɗu, kowanne kaurinsa ya fi tsayin mutum in yana zaune. Kuɗin man fetur ne da suka samu daga tsakiyar shekarun 1990, ga ƙasar ƙarama, mutanenta duka ba su kai miliyan 2 ba. Daji kuwa irin wanda ɗan Arewa bai taɓa gani ba, bishiyoyi sun rufe dama da hagu kamar katanga, kore shar, ruwan sama ya tsuge kamar da bakin ƙwarya minti goma ya ɗauke rana ta fito kwalta tana tururi. Ƙauyukan gidajen katako ne da rufin kwano a jere bakin hanya, an rataye naman daji a jikin sanda ana sayarwa, shi ya sa na gode Allah da na riƙo kilishi daga Ngaundere da burodi da gwangwanin kifi, don ba ka da tabbas a kan abin da za a zuba maka a kwano.

Abin da ke hanyar shi ne shinge. Barera suke ce masa, sanda ce a gicciye ko ganga, kuma suna da yawa. Kalmar da za ka fara koya ita ce dokumento, wato takarda. Na farko da na biyu da wanda ke wajen Mikomeseng duk abu ɗaya aka yi, a karɓi fasfo a buɗe shafin biza a kalli hoto a kalle ni, a duba katin rigakafin shawara, a miƙo min. Kowane shinge na wuce sai hankalina ya ƙara kwanciya, har na kira Yaya na ce masa a ajiye min abincin rana. Da a ce na farkon ne ya gano, da tafiyar minti goma ce kawai in koma a gyara. Wannan tunanin ne ya fi damuna har yau.

Daf da Niefang, kafin gadar kogin Wele, muka tarar da wani jami'i dattijo da tabarau wanda shi ba ya gaggawa. Shafi-shafi ya riƙa buɗewa tun daga farko har ƙarshe, ya dawo ya sake. Ya nuna min hatimin fita na Kamaru da yatsa, ya buɗe shafin biza, sannan ya buga yatsa a kan farar takarda yana cewa seyo, seyo de entirada. Ban gane ba sai da direba ya ce min da Faransanci hatimin shiga yake tambaya. Na karɓa ina buɗewa hannuna na rawa, babu. Yaron nan ko ƙofar ofis bai shiga ba, ya je ya tsaya a wani waje ne kawai ya dawo.

A nan ne fa na gane biza izinin zuwa bakin ƙofa ce kawai, hatimin nan shi ne shaidar ta ƙofa ka shigo, in babu shi to a takarda kai ɗan ɓarauniyar hanya ne ko da biza goma gare ka. Kuma ba zan zalunci mutumin nan ba, aikinsa ya yi, bai zage ni ba bai taɓa ni ba. Na yi ta ƙoƙarin bayani, Turanci ba ya ji, Faransancina ya ƙare, Hausa kuwa ba a magana. Ƙasar nan Sifaniya ce ta mulke ta har 1968, Sifaniyanci ne babban yaren hukumarsu, Faransanci yana cikin yarukan hukuma a rubuce amma da ka yi nisa da boda Sifaniyanci ne da Fang. Direba ya jira ni kusan awa ɗaya, fasinjoji suka fara ƙorafi, ya sauke min jaka ya dafa kafaɗata ya tafi. Kuɗin motar ma ya tafi da shi, ban kuma ga laifinsa ba.

Na kira Yaya na ba jami'in waya suka yi magana mai tsawo. Da aka dawo min da wayar muryar Yaya ta canza, ya ce ƙanena wa ya buga maka? Na ce wani yaro ne Bahaushe na ba wa. Ya yi shiru, sannan ya ce ai na manta ban gaya maka ba, laifina ne. Ba laifinsa ba ne. Ni da na yi shekaru ina shiga Nijar da Kamaru na saba da a wuce kawai, Kamaru mu ba ma buƙatar biza, Nijar kuwa gida ce, sai na ɗauki wannan sabon na kai inda ba ya aiki. Fasfon ECOWAS ba shi da wata alfarma a can, su ƙungiyarsu daban ce ta ƙasashen tsakiyar Afirka, kuma ko 'yan Kamaru da suke ƙungiya ɗaya ana tsananta musu bincike balle ni.

Hukuncin shi ne in koma inda na shigo. A kan benci na kwana a rumfar shingen, sauro kamar su ɗauke ni, ruwa na zuba kan kwano har asuba, na yi sallolina da ruwan jarka da wani ƙaramin soja ya kawo min, Allah ya saka masa da alheri, har dafaffen rogo ya ba ni. Safiyar Lahadi, daidai lokacin da ake raɗa suna a Bata, ni ina cikin mota na juya baya ina komawa Ebebiyin, duk dajin da na yi ta yabawa jiya ban ko kalle shi ba. Yaya ya kira ya bar wayar a buɗe na ji liman yana addu'a, na ji an ambaci sunan mahaifinmu, na kifa kaina a jikin kujerar gaba. Ba na son in tsawaita a nan.

Lahadi babu mai sa hannu, sai Litinin. Abin da ya cece ni masallaci ne. Na tambayi wani mai shago ina Musulmi suke, kalmar hausa kawai na faɗa ya nuna min hanya, don a can da yawa duk wanda suka gani da doguwar riga da hula hausa suke ce masa ko daga Mali ya fito. Wani dattijo mai sayar da goro da carbi ya saurare ni har na gama, ya ce ɗana ba kai ne na farko ba, amma me ya sa ba ka zo nan tun jiya ba? Ya ba ni wajen kwana, da safe ya saka rigarsa ya raka ni da ƙafarsa, shi ya yi magana da Sifaniyanci tun daga farko har ƙarshe. Aka yi tambayoyi, aka kira Yaya ya turo hoton takardar zamansa, na biya tara, aka buga. Da idona na ga an ɗaga hatimin an sauke, na karɓa na karanta kwanan wata sau biyu kafin in fita. Na ɗauko kuɗi zan ba Baba ya ture hannuna ya ce ka kai wa jaririn.

In na haɗa kuɗin yaron nan da tara da motar komawa da motar sake dawowa, abin ya tasam ma sefa 100,000, kuɗin da na ware ne don hidimar suna da tsarabar gida. Amma kuɗin ba shi ne ke ci min rai ba.

Don haka duk mai niyyar bin hanyar nan, fasfonka kada ya bar hannunka sai zuwa hannun mai kaki a cikin ofis, kana tsaye kana kallo. In ba ka jin yaren ka nemi mai fassara ya tsaya gefenka, ba ya shiga a madadinka ba, kuma ka neme shi ta hannun mutanen masallaci ko wanda za ka je wajensa, ba wanda ya tare ka a titi ba. Kafin ka hau babur ka buɗe ka ga hatimi biyu, fita da shiga, ka duba kwanan wata. In yamma ta yi ka kwana Kye-Ossi, masauki ba ya wahala, da na yi haka da na isa Bata ranar Asabar da daddare da sauran lokacina. Ka yi kwafin fasfo da biza da katin rigakafi da yawa, ka riƙe canji ƙanana, sannan wayarka ta zauna a aljihu kusa da shinge ko gada ko ginin gwamnati, ba sa wasa da ɗaukar hoto. Kalmomi goma na Sifaniyanci ma sun isa su sauƙaƙa maka, gaisuwa da lissafi da sunan takardu, ni sai a kan bencin nan na koye su.

Ranar Litinin da yamma na sake biyowa ta shingen nan, dattijon mai tabarau yana nan, ya buɗe ya gani ya gyaɗa kai ya ce biyen, wato da kyau, ya ɗaga sanda da kansa. Muka haye Wele, bayan isha'i na hango fitilun Bata da teku baƙi ƙirin a bayansu. Yaya yana tsaye a tasha tun magariba. Da muka shiga gida matarsa ta miƙo min yaron a cikin zani, ta ce ga Baba nan ya gaji da jiranka, sannan ta kawo wani kwano a rufe, soyayyen naman ragon ne da Yaya ya hana kowa taɓawa.

A hanyar dawowa na yi kusan awa biyu ina zagaya bakin bodar Kye-Ossi ina duba fuskoki, ban gan shi ba. Na dai ga wani bawan Allah da jaka a kafaɗa yana ƙoƙarin zaro fasfo zai miƙa wa wani yaro, na je na riƙe masa hannu na ce Malam zo mu shiga tare.