Gwal ɗin da ya biyo yatsan Hajiya

A ƙarƙashin gadon yarana akwai kwalaye fiye da 1,300 a ɗaure, ko naɗa su ba a yi ba. Baƙaƙe ne masu santsi, da sunan sana'ata a rubuce da ruwan gwal. Duk wanda ya gani sai ya ce sun yi kyau. Ni kuwa in na durƙusa shara na hango su, sai in ji abu ya tokare ni a ƙirji.

Humra da turaren wuta nake haɗawa a nan Agege, shekara ta bakwai ke nan. Da can kwalba ce kawai da 'yar takarda a liƙe, in jefa a leda in miƙa. Da masu oda daga Ikoyi da Lekki suka fara yawa, musamman masu rabon biki, sai na ga ledar nan tana zubar mini da daraja. Ƙanena mai taɓa zane a kwamfuta ya tsara mini kwali, muka kama hanyar Shomolu, inda duk mai son buga takarda a Legas yake ƙarewa.

A wani lungu wajen titin Bajulaiye muka sami wani dattijo Bayarabe mai injuna uku. Ya ajiye mini kwali biyu a kan tebur. Na farko foyil ne: ana sassaƙa sunanki a jikin wani ƙarfe da suke kira bulok, a zafafa shi ya wuce digiri 100, ya danna wata siririyar leda mai ƙyalli a kan kwalin, zafin ya narkar da gam ɗin da ke bayanta, rubutun ya zauna. Na biyu embosin: bulok biyu ne, mace da namiji, a sa kwalin a tsakani a matse, sunan ya taso ya yi tudu. Babu launi, babu tawada, sai dai yatsa ya ji.

Ban yi minti biyar ina tunani ba. Na ɗauki hoton kowanne da waya. Mai gwal ya fito yana walƙiya, mai tudun kuwa ya fito baƙin kwali kawai, kamar ba a yi masa komai ba. Ni da rabin cinikina a sitatus ɗin WhatsApp yake, me zan yi da adon da ba ya fita a hoto?

Dattijon ya tambaye ni me za a sa a ciki. Na ce turare. Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "Alhaja, bari mu buga goma tukuna. Ki tafi da su gida, ki sa kwalabenki a ciki, ki bar su mako guda, sai ki dawo."

Na ce a'a.

Dalilaina a ranar suna da ƙarfi, ko kuwa haka na gani. Azumi ya ƙarato. Ina da odar kwalba 400 ta bikin 'yar wata Hajiya a Idi-Araba. Tun da naira ta faɗi a 2023 kuma, a lokacin farashin da aka ba ki yau na takarda da foyil ba shi ne na mako mai zuwa ba, don mafi yawansu daga waje ake shigo da su. Ga kuɗin ɗaura bulok a inji da za a caje ni sau biyu. A raina ma har na ce tsohon nan ƙarin kuɗi yake nema. Kuɗin gwajin nan fa bai kai na humra kwalba uku ba. Na ce ya buga 2,000 gaba ɗaya.

Ranar da na kai kayan Idi-Araba, falon Hajiya cike yake da 'yan'uwa. Aka buɗe katan, aka yi ta masha Allah. Hajiya ta zaro kwalba ɗaya, ta girgiza, ta ɗiga a tafin hannu ta murza, ta shinshina, ta ce, "'Yar nan, hannunki da albarka." Sai ta ɗauki kwalin za ta mayar da kwalbar, babban yatsanta a kan sunan. Da ta ɗaga yatsan, ya yi rawaya kamar ta taɓa kurkum. Haruffa biyun farko na sunana sun koma fari fat, kalar cokali, gefensu ya yi dabbare-dabbare.

Ta kalli yatsan, ta kalle ni. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Cewa kawai ta yi, "To, ai gwal ɗin naki ba ya son turare."

A ranar na koyi abin da ya kamata in sani kafin in biya ko sisi. Babu gwal a cikin foyil ɗin gwal. Alminiyam ne siriri ƙwarai, aka shafa masa fenti rawaya a sama. Humra kuwa mai ne da madarar turare, wasu turarukan da muke zubawa ma akwai sifirit a ciki, shi ne ya narkar da fentin ya bar alminiyam tsirara. Abin da ya ƙara dagula lamarin, kwalin nawa an lulluɓe shi da ledar laminetin, foyil ɗin kuma a samanta aka buga shi, ba abin da ya kare shi. Ashe akwai irin foyil da aka yi don kayan kwalliya, mai jure sifirit, ya fi tsada kaɗan. Ban tambaya ba. Da na yarda da goman nan, da a ɗakina yatsana ne zai yi rawaya, ba na Hajiya a gaban surukanta ba.

Kwana biyu muka yi ni da yara muna naɗe bakin kowace kwalba da leda, muna goge jikinta, don dai a samu a raba na bikin. An raba. Amma waɗanda na aika Kano a motar dare, murfi uku suka yi yoyo a hanya, zafi da jijjiga, rabin katan ya isa da suna a goge.

Bayan Sallah na koma Shomolu da kunyata. Dattijon bai ce mini "ai na faɗa miki" ba, Allah ya saka masa. Wannan karon da kwalbar humra a jakata na je. Muka buga embosin guda goma, na zuba wa ɗaya humra da gangan a gabansa na murza. Kwalin ya yi tabon mai, amma sunan yana nan daram. Me za a goge? Tudu ne a jikin takardar kanta.

Shi ma fa yana da nasa halin, kuma a goman nan duk ya nuna. A kwali mai nauyin 300 (lambar da ke nuna nauyin takarda, mai babbar lamba ya fi kauri) da muka matsa shi sosai, gefen haruffan ya tsage, farin da ke cikin takardar ya leƙo. Muka koma 350, muka rage zurfi. Zanen furen da ƙanena ya sa kusa da lanƙwasar kwali ya lotse wajen naɗi, dole aka matsar da shi tsakiya. Sannan ƙugiyar harafin Ƙ da ke sunana, da yake siririya ce, ta ɓace gaba ɗaya, ya koma K. Sai da aka kaurara rubutun aka sake sassaƙa bulok, don bulok in an sassaƙa shi ba ya gyaruwa. Ƙananan rubutu irin su lambar waya da jerin kayan haɗi, ki bar su da tawada kawai, daga foyil har embosin ba mai fitar da su da kyau. Bulok ɗin maganiziyam ya fi araha amma yana saurin cinyewa, na tagulla ya fi tsada ya fi ƙarko. Na yi na tagulla, kuma na karɓo abina na taho da shi gida, tunda kuɗina ne.

Matsalar hoto kuma ashe ta haske ce. In kika ajiye kwalin kusa da taga da safe, hasken ya zo masa ta gefe, kowane harafi sai ya yi inuwa, ya fito fiye da yadda gwal ke fita, don shi gwal haske yake mayar wa kyamara. Abin da ban zata ba shi ne yadda mata ke shafa kwalin. Kowacce ta karɓa sai ta bi sunan da yatsa kafin ta buɗe.

Ban yi gaba da foyil ba. Wata ƙawata mai sayar da mayafai a kasuwar Balogun da shi take ado, shekara da shekaru ba abin da ya same shi, don kayanta busassu ne. Katin biki ma ba abin da ya kai shi kyau. Amma in kayanki mai ne, ko turare, ko man shafawa, kada ki zaɓa a fuskar waya. Ki je da kayan, ki zuba a kan samfur, ki murza da ƙarfi, ki bar shi ya kwana a bayan mota cikin rana.

Baban yara ya sha tambayata yaushe zan kira masu sayen kwali su kwashe na ƙarƙashin gadon. Jiya ma ya sake tambaya. Na ce masa ina tunanin in fara sayar da carbi, ko akwai wanda ya sani mai kawowa a sari.